Kafin a kori gurgu daga titi, a fara biyansa haƙƙinsa

Ɗan baffana gurgu ne. Shan inna ce ta kama shi yana ɗan shekara uku, ta shanye masa ƙafafu duka biyu. Ya tashi yana rarrafe da silifa a hannu, har zuwa lokacin da aka samu aka haɗa masa keken guragu, irin mai feda a hannu ɗin nan. Ya yi firamare, ya yi sakandare, ya samu takardar shaidar malanta ta NCE. Wanda ya taɓa ganin yadda gurgu yake zuwa makaranta da damina, a unguwar da ba kwalta ba magudanar ruwa, shi zai san abin da wannan takarda ta ci.

Shekara biyu ke nan na raka shi wata ma'aikatar gwamnati, an kira masu neman aiki a tantance takardunsu. Ofishin tantancewar yana hawa na biyu. Babu na'urar hawa bene, babu gangaren da keke zai bi, matattakala ce kawai ta tsaya ƙiƙam. Muna gindinta, ina waige-waigen wanda zai kama mini, shi kuma ya rungume fayil ɗinsa a ƙirji, sai ga wani dattijo cikin babbar riga yana saukowa. Ya dube shi, ya sa hannu a aljihu, ya ajiye masa naira ɗari biyu a kan cinya. Yaron ya ce, "Alhaji, ba bara na zo ba, aiki na zo nema." Dattijon ya ɗan tsaya, ya ce, "Ayya, Allah sarki. To riƙe dai, ka sha ruwa." Ya wuce abinsa. Da ni da wasu samari biyu muka ciccibe shi muka hau da shi, keken kuma muka bar wa maigadi. Muna hanyar gida ya ce mini, "Yaya, wallahi ɗari biyun nan ta fi benen yi mini ciwo."

Ban taɓa ɗaukar dattijon nan mugu ba. Abin da aka koya masa ya yi, kuma haka aka koya mana duka: ka ga gurgu ko makaho, ka miƙa sadaka, ka samu ladanka, ka wuce. Tausayi bai yi mana ƙaranci a ƙasar Hausa ba. Abin da ya ɓace mana shi ne sanin cewa mutumin da ke zaune a kan keken nan yana bin mu bashi. Benen da ya kasa hawa da kuɗin ƙasa aka gina shi, har da kasonsa a ciki, kuma a ranar da muka tsaya a gindinsa akwai doka a Najeriya da ta wajabta a yi masa hanya.

Na san wasu za su so in riƙa cewa "masu buƙata ta musamman", kamar yadda ake faɗa a rediyo da wurin taro, kuma ina girmama wanda ya fi son a kira shi haka. Amma ɗan baffana da bakinsa gurgu yake kiran kansa, ƙungiyarsu ma ta guragu ce. Ya sha gaya mini cewa sunan bai taɓa hana shi barci ba, abin da ake yi masa bayan an kira sunan ne yake damunsa. Don haka zan yi amfani da kalmomin da mutanenmu suka sani.

Dokar da nake magana ita ce Dokar Hana Nuna Wariya ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 23 ga Janairu, 2019. Ba cikin ruwan sanyi aka same ta ba. Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010, amma doka a gida ta ƙi fitowa. Sau biyu Majalisar Tarayya tana zartar da ƙudirin a zamanin Goodluck Jonathan, a 2011 da 2015, bai sa hannu ba. Ko a 2019 ɗin sai da naƙasassu suka fito zanga-zanga a Abuja, a kan kekunansu da sandunansu, ana saura wata guda a yi zaɓe, sannan aka sa hannu. Ina so a riƙe wannan: babu wanda ya ba su dokar nan sadaka. Ƙungiyoyinsu ne suka yi shekara da shekaru suna sintiri a majalisa har suka ƙwato ta.

Me ke cikinta? Da yawa daga cikin waɗanda aka yi ta dominsu ba su sani ba. Ta haramta a nuna wa mutum wariya saboda naƙasarsa ta kowace fuska. Mutum ɗaya idan ya aikata, tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Kamfani ko ma'aikata kuwa naira miliyan ɗaya. Ta kuma ba wanda aka zalunta damar kai ƙara kotu da kansa ya nemi diyya. Ta ce yaro mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare, kuma makarantun gwamnati su kasance masu karɓar kowa, da ma'aikacin da aka horar kan koyar da irin waɗannan yara. Ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da marar lafiyan da ba ya ji ko ba ya magana. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. Ta ce a layi, ko na banki ko na asibiti, su za a fara sallama. Ta ce jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda ba shi da hanyar naƙasassu zai iya shan tarar miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu. Sannan ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da aka riga aka yi, da tituna, da motocin haya.

Wa'adin nan ya cika a Janairun 2024. Kowa ya zaga garinsu ya gani. Ya je sakatariyar ƙaramar hukuma, ya je kotu, ya je asibitin sha-ka-tafi, ya je makarantar firamaren unguwarsu. Ya tsaya a ƙofar banki ya dubi 'yar ƙofar ƙarfen nan da ake shiga ɗai-ɗai, ya tambayi kansa ta ina keke zai bi. Na ga gurgu a rana tsaka yana jiran ma'aikacin banki ya fito masa da takarda a waje, yana faɗin sirrin asusunsa a gaban masu wucewa. Ya dubi gadojin tsallaka titi da ake ta ginawa, matattakala a kan matattakala. Ya dubi kwatocin da aka bari a buɗe a bakin hanya, waɗanda mai ido ma sai ya yi hankali, balle makaho. Wani wurin an yi gangaren, amma a miƙe kamar na sauke buhu daga mota, wanda ko ƙato ne a kan keken sai ya kifa. An yi shi ne don a ce an yi.

An kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020, James Lalu ya fara riƙe ta, a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, mutumin Filato wanda shi ma shan inna ta taɓa, kuma ya daɗe yana ƙera kekunan guragu a Jos yana rabawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka daidai ne su riƙe hukumar da kansu. Sai dai hukuma guda a Abuja ba za ta iya bin kowane bene a jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 ba. Dokar ma kanta tana da ƙofofin da aka bari a buɗe. Inda ta yi maganar kashi 5 cikin 100 na aiki, sai ta sa sharaɗin "gwargwadon iko", kuma duk shugaban ma'aikatar da ba ya so zai ce ikonsa bai kai ba. Tarar miliyan ɗaya kuwa, a 2019 da dala take wajen naira 360 tana da ɗan nauyi. Yau banki ko babban kamfani zai biya ta ko a jikinsa.

A Maris na 2024 wani abu ya faru a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas. Wani shahararren gidan cin abinci ya hana wani matashi mai keken guragu zama a ciki. Matashin ɗan tsohon gwamnan Ogun ne. Ya rubuta abin da ya same shi a shafinsa na intanet, maganar ta bazu, kafin a ce haka hukumar filayen jiragen sama ta rufe shagon, ta kuma umarce su su ba shi haƙuri a rubuce. Na yi murna da wannan hukunci, domin wulaƙancin da aka yi masa wulaƙanci ne na gaske. Amma ya nuna mini cewa hukumomin nan sun san dokar, kuma suna iya aiki da ita cikin kwana ɗaya idan sun ga dama. Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. To kuturun da ba shi da kuɗi, ba shi da uba gwamna, ba shi da wayar da zai yi rubutu da Turanci fa? Kurmar da ta je haihuwa asibiti ba mai jin maganarta, sai ɗanta ɗan shekara goma ne yake yi mata tafinta a kan abin da bai kamata yaro ya ji ba, wa zai rufe wani wuri saboda ita?

Akwai sashe ɗaya na dokar nan da gwamnatocinmu ba sa wasa da irinsa, shi ne na bara. Dokar ta hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara, ta hana a riƙa yawo da shi ana neman taimako da shi, ta kuma hana mutum ya fake da naƙasa ya yi bara. Tun kafin ta zo ma jihohi sun yi nasu. Kano ta hana barar titi a zamanin Kwankwaso, Ganduje ya sake jaddadawa a 2020. A Kaduna, El-Rufai ya hana a Yulin 2015 bayan tashin bam a Sabon Garin Zariya, guragu da makafi da kutare suka fito suna cewa a ba su abin yi tukuna. A Abuja, Wike ya shelanta yaƙi da mabarata a Oktoban 2024, motoci suka fita kame. Idan maganar kwashe mutane daga titi ce, akwai mota, akwai mai, akwai jami'ai. Idan maganar gangare a ƙofar makaranta ce, sai a ce babu kuɗi a kasafi.

Ni ba mai kare bara ba ne. Na tsane ta saboda abin da take yi wa mutum, da abin da take yi wa ɗan jagora, yaron da ya kamata a ce yana aji amma yana riƙe da sandar kakansa a tsakiyar titi daga safe har magariba. Na kuma san akwai masu cin kasuwa da naƙasar wasu, kuma waɗannan hukunci ya dace da su. Abin da nake cewa shi ne dokar guda ce, kuma tana da hannu biyu. Hannun da ya ce kada ka yi bara, shi ne ya ce an ɗauki nauyin karatunka, an ware maka gurbin aiki, an yi maka hanyar shiga mota da ofis. Gwamnatin da ba ta sauke nata ba, da wane ido za ta kama wanda ta hana makaranta tun yana yaro, ta ce ya karya doka don ya miƙa hannu? Mutumin da aka rufe wa ƙofar aji, aka rufe wa ƙofar ofis, aka rufe wa ƙofar kasuwa, titi kaɗai aka bar masa. Yanzu an zo a kore shi daga titin, ba a buɗe ko ɗaya daga cikin ƙofofin ba. Ana kwashe su a kai su wani gida, a riƙe su kwanaki, a sa su a mota a mayar da su jihohinsu, bayan mako biyu su dawo, domin yunwar da ta koro su tana nan inda suka bar ta.

Mu 'yan Arewa wannan magana ta fi shafa, kuma mu daina jin haushi idan an faɗa. Duk wanda ya je Legas ko Abuja ya san harshen da mafi yawan mabaratan bakin titi suke yi. Unguwar naƙasassu ta Karmajiji a Abuja, Hausa ake yi a cikinta. Kuma wani ɓangare na wannan naƙasa da hannunmu muka jawo. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar cewa tana hana haihuwa, sai a Yulin 2004 Kano ta dawo da ita. A tsakanin nan cutar ta sake bazuwa, har ta tsallaka wasu ƙasashe. An gano shan inna ta daji, wato asalin ƙwayar cutar, ta ƙarshe a Borno a 2016, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Mun yi murna, kuma ya dace. Amma yaran da ta shanye a shekarun can yanzu samari ne da 'yan mata masu shekara ashirin da ɗoriya. Hukuncin manya ne ya ɗora su a kan keke. Ƙara da waɗanda sanƙarau da ƙyanda suka kurumtar ko suka makantar, da yaran Zamfara da gubar dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa a 2010, da waɗanda bama-baman Boko Haram da harsasan 'yan bindiga suka raba da ƙafa ko hannu, da waɗanda haɗarin babur yake kwantarwa kullum. Ƙiyasin da ake yawan ambata na 2018 ya ce kimanin mutum miliyan 29 ne suke da wata naƙasa a Najeriya. Babu zuri'ar da za ta ce ba ta da kowa a ciki.

Ga kuma wani abu da ya sa dole mu dubi gwamnoninmu fiye da Abuja. Makarantar firamare, da asibitin ƙauye, da izinin gini a cikin gari, da tashar mota, duka a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. Dokar tarayya ba ta isa can da ƙafarta sai jiha ta yi tata. Filato ta yi tun 2005, tun kafin ta tarayya. Legas ta yi a 2011 ta kafa ofis na musamman. Kaduna ta yi a 2021. Wasu jihohin Arewa ma sun yi. Amma yin doka daban, kafa hukumar da za ta yi aiki da ita da ba ta kuɗi daban. Abin da muka fi gani shi ne a naɗa gurgu ko makaho guda ɗaya mai ba gwamna shawara, a ba shi ofis, sannan ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, a tara su a raba kekuna da buhunan shinkafa a gaban kyamara. Keken yana da amfani, shinkafar ma za a ci. Sai dai wannan ita ce ɗari biyun dattijon nan da aka yi wa girma, kuma ba ta rage ko matakala ɗaya daga benen ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke jingina wannan hali ga addini, alhali addinin ya koyar da akasinsa. Kowane ɗan makarantar allo ya haddace Suratu Abasa. Saboda makaho ta sauka, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, kuma abin da ya zo nema wurin Manzon Allah (SAW) ilimi ne. Daga baya ya zama ladani tare da Bilal, kuma sau da yawa shi Annabi yake bar wa Madina idan zai fita. Amru ɗan Jamuh gurgu ne, an yi masa uzuri amma ya dage ya fita Uhudu, ya yi shahada. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda mutanen Makka suke komawa gare shi don fatawa, yana da gurguntaka, ya kuma makance a ƙarshen rayuwarsa. A zamaninmu Shaikh Ibn Baz makaho ne ya zama babban muftin Saudiyya. A nan gida, Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, waƙoƙinsa na wa'azi sun shiga kowane lungu na ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Mutanen nan muƙami da amana aka ba su. Mu kuma yau masallacin Juma'a za mu gina na miliyoyi, da tayil mai santsi da matakala bakwai, gurgu ya ajiye kekensa a waje ya rarrafa da hannu ta cikin ruwan alwalar mutane kafin ya kai sahu. Kurma zai yi shekara arba'in yana zuwa Juma'a bai taɓa sanin abin da liman yake faɗa a huɗuba ba. Wurin da muka amince naƙasasshe ya zauna shi ne bakin ƙofa, inda za mu same shi idan mun fito da canji a hannu.

Kuma ba wai ba mu da tushen da za mu ɗora a kai ba ne. Tun zamanin da, masarautunmu suna da sarkin makafi, da sarkin guragu, da sarkin kutare, masu jama'a da fada da hanyar sasanta rigima. Wannan tsari ne da ya san mutanensa gida-gida fiye da kowace ma'aikata. An bar shi ya zama hanyar raba zakka da kayan azumi kawai, alhali da shi za a iya ƙirga yaran da ba sa makaranta, da shi za a iya kai koke. Kuramenmu suna da harshensu, maganar hannu, wadda suka gada a tsakaninsu tun kafin zuwan makarantun kurame na boko. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, ta Tudun Maliki a Kano tana koyar da kurame da makafi, jami'o'in Bayero da Jos suna yaye malaman ilimi na musamman. Amma makaranta ɗaya ko biyu a jiha mai mutum miliyoyi ina za ta kai? Uban da ke ƙauye ba zai iya kai 'yarsa makauniya birni makarantar kwana ba. Shi ya sa dokar ta ce duk makarantun gwamnati su kasance masu karɓar irinta.

Ana cewa babu naƙasasshe sai kasasshe, kuma sun nuna haka inda aka ba su ko da ƙaramar dama. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana walda tana ƙera kekunan guragu da hannunta, kuma mambobinta sun bi gida-gida suna nuna wa iyaye ƙafafunsu don a yarda da rigakafi. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan ɗan katako mai taya, a Najeriya aka ƙirƙire ta, Misbahu Lawan Didi ne ya fara ta a 1988. A wasannin Olamfik na Landan a 2012, 'yan wasanmu masu lafiya sun dawo ba lambar yabo ko ɗaya. Naƙasassunmu suka je nasu wasannin suka dawo da 13, shida na zinare. A Faris a 2024 haka aka maimaita, waɗancan babu ko ɗaya, waɗannan bakwai. Amma ina tsoron yadda muke amfani da karin maganar nan. Sau da yawa muna faɗarta ne don mu ɗora wa wanda ke bara laifin halin da yake ciki, kamar dai duk wanda bai zama gwarzo ba malalaci ne. Bai kamata sai mutum ya ɗaga ƙarfen da ya ninka nauyinsa ba kafin ya cancanci shiga ofis. Mai ƙafa ba a tambayarsa lambar zinare kafin a bar shi ya hau bene.

Da za a tambaye ni inda za a fara, sai in ce a fara da sanar da mutane cewa dokar tana nan. A mayar da ita Hausa, a karanta ta sashe-sashe a gidajen rediyo, tunda makaho da wanda bai yi boko ba duk rediyo suke ji, a yi ta da maganar hannu a bidiyo don kurame. Ɗan baffana, da NCE ɗinsa, sai bayan abin da ya same shi a ma'aikatar nan ya san akwai maganar kashi 5 cikin 100. Sannan lauyoyinmu, musamman matasa da ƙungiyar lauyoyi a rassanta na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, su ɗauki ƙarar mutum ɗaya ko biyu kyauta su kai kotu. Ranar da alƙali ya ci tarar wata ma'aikata saboda bene, ko ya sa aka biya kurma diyya saboda an ƙi ɗaukarsa aiki, ranar sauran za su san maganar ta gaske ce. Hukumomin tsara birane su daina sa hannu a zanen makaranta ko asibiti ko kanti ko masallaci da ba shi da gangare; a kan takarda gyaran layi biyu ne, bayan an gama gini kuwa sai an fasa. Duk lokacin da gwamna ya ce ya ɗauki malamai ko ma'aikatan lafiya dubu kaza, 'yan jarida su tambaye shi nawa ne naƙasassu a ciki, ya faɗi adadi. Su kuma naƙasassun, ƙuri'arsu tana da yawa; Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi a taimaka musu a rumfar zaɓe, kuma hukumar zaɓe ta fara kawo jagoran ƙuri'a na rubutun makafi. Ɗan takarar da ya zo da shinkafa, a tambaye shi ina hukuma, ina kasafinta.

Akwai kuma abin da ba sai an jira gwamna ba. Bayan abin da ya faru, na kai maganar wurin kwamitin masallacin unguwarmu. Wani dattijo ya ce, "Ai ɗana, in ya zo yara za su ɗauke shi, lada ne." Ɗan baffana yana wurin, ya ce, "Baba, ranar da yaran ba sa nan fa? Asuba nawa na yi a gida saboda ba mai ɗaukata." Aka yi shiru. Liman ya ce a kira birkila. Buhun siminti huɗu da yashi da aikin yini biyu suka gama gangaren, aka sa masa ƙarfen riƙewa a gefe, aka kuma saukar da famfo ɗaya na alwala daidai tsayin mai zaune. Yanzu da kansa yake shiga har sahu. Wasu tsofaffi biyu masu ciwon gwiwa da wani da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, waɗanda suka daɗe da daina zuwa jam'i, su ma ta nan suke bi.

Aikin gwamnatin dai bai samu ba. Yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, albashin bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba. Watan jiya na bi ta ma'aikatar nan, matattakalar tana nan yadda muka bar ta, sai dai an yi wa ginin sabon fenti. Shi da abokansa uku na ƙungiyar guragu sun rubuta takardar koke, sun ambaci dokar da ranar da wa'adinta ya cika, sun sa hannu. Ofishin da ake karɓar takardun koke ma a sama yake, don haka ni zan hau in kai musu.